Dutsen Taimamar Inna

Innarmu ta tsinci dutsen a kan dabagi, wato shimfiɗaɗɗen tudun duwatsun da ke bayan ƙauyenmu, cikin ƙasar Garhanga, a shekarun aikin gandari. Ga wanda bai tashi a Adar ba, aikin gandari shi ne a kwashi duwatsu a jera su layi-layi a kan fako, don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta ya gangara kwari da ita. Maza sun tafi cin rani, saboda haka mata suka yi aikin, gammo a ka, goyo a baya. Duwatsun da suka bi ta kan Inna ita kaɗai, da an tara su wuri guda da sun yi wani tudun. Akwai ja mai kaushi da ke cin tafin hannu, akwai fari mai gari da ke darewa in ya faɗi, kuma dukansu kunama na son kwana a ƙarƙashinsu.

Wannan kuwa daban yake. Baƙi ne, sumul, bai wuce girman mangwaro ba amma nauyinsa ya fi girmansa, da 'yan lotse-lotse a jiki kamar an danna yatsa cikin tuwo. Ba ta sa shi a layi ba. Ta ƙulle shi a bakin zane ta kawo gida. Babanmu ya tambaye ta ko duwatsun da ta yini tana ɗauka ba su ishe ta ba ne, ta ce wannan kyau ya yi mata. Dutsen ya daɗe yana ƙananan ayyuka a gidanmu: ya tokare ƙyaure, ya danne faifan tukunya, a fasa kanwa da shi. Ni kaina na sha jifan awaki da shi in sun sa baki a shanya.

Bayan rasuwar babanmu ciwo ya kama hannuwan Inna. Gaɓoɓin suka kumbura, fatar ta riƙa tsagewa tsakanin yatsu, in ruwa ya taɓa wurin sai ka ga ta cije leɓe. Gwiwoyi suka bi sahu. Likitan garin Keita ya ba ta man shafawa ya ce ta rabu da ruwa in ba dole ba, malamai kuma suka ce ta koma taimama, wato ta bugi ƙasa mai tsarki ko dutse da tafin hannu, ta shafi fuska da hannuwa a madadin alwala. Ƙasar tsakar gida ba ta yarda da ita ba, don awaki da kaji sun gama da ita. Jan dutse kuma yana kama tsagar hannunta. Sai ta tuna da baƙin dutsenta, ta sa aka wanke shi tas, ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ajiye a gefen tabarmar sallarta. Daga ranar ya huta da tokare ƙofa, jikan da ya taɓa shi kuwa ya ji a kunnensa. Ta yi taimama da shi tsawon shekarun da suka isa a haifi yaro, a yaye shi, har a sa shi lakwal, wato makarantar boko.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "wagga". Ina koyarwa a lakwal a Buza, kuma kowane hutun damina gida nake yin sa. Autanmu kuwa haƙar zinariya yake zuwa can arewa bayan Agadas, ya dawo in an kusa shuka. Magidanci ne da mata da 'ya'ya, zuciyarsa fara ce tas, amma Allah bai yi wa bakinsa murfi ba. Abin da ya gani sai ya faɗa, abin da bai gani ba ma yana da ra'ayi a kansa.

A shekarar da nake ba da labari mun iso gida kusan tare. Wata hantsi muna zaune a rumfa, Inna ta gama sallar walaha ba ta naɗe dutsen ba tukuna, sai idon auta ya faɗa kansa. Ya ɗauka, ya auna a hannu, ya juya shi. Sai ya tashi da sauri ya shiga ɗakin babanmu, ya kwance tsohuwar rediyo ya ciro mayen ƙarfen da ke cikinta. Ya ɗora a jikin dutsen ya saki. Mayen ƙarfen ya manne, yana ɗan lilo amma bai faɗi ba.

"Inna!" ya ce, baki har kunne. "Kin san mi kika riƙe da shi shekara da shekaru?"

"Dutsi na," in ji Inna.

"Wanga ba dutsin duniya na ba. Daga sama yah hwaɗo! Can daji masu na'ura na tsintar irinshi. Ga shi nan ya kama mayen ƙarhe, ki duba da idonki."

Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na karɓa ina juyawa, ina tuno darasin da aka yi mana tun a kolej, har na faɗi sunansa da Faransanci don a san na yi karatu. Matar auta ta taso daga murhu tana salati. Mun ɗauki lokaci muna miƙa wa juna kafin na lura Inna ba ta taya mu murnar ba.

"In ba na ƙasa na ba," ta ce a hankali, "da mi nika taimama?"

Auta ya yi dariya ya ce, "Haba Inna."

"Kuma ka ce ƙarhe na. Ana taimama da ƙarhe?"

Babu wanda ya sani a cikinmu. Ta karɓi dutsen ta naɗe, ta ba matar auta ta ce a ɗora shi can kan rumbu. Sannan ta ce a kawo mata buta.

Lissafin Inna ba shi da kwana-kwana. In dutsen bai halatta ba, taimama ba ta yi ba. In taimama ba ta yi ba, salla ba ta yi ba. Ke nan duk shekarun nan tana zaune ba salla, kuma sai ta rama. A ranar ta fara. Ta koma alwala da ruwa, don taimama guda farilla guda take ɗauka, alwala kuwa in ta riƙe ta sai ta jera salloli da yawa a kai. Ta bar sallar zaune da aka sauƙaƙa mata, ta ce mai biyan abin da ya wuce ba ya zaɓen sauƙi. Za ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyin suna ƙara, ta kabbarta, ta sallame, ta sake kabbarta. Daga hantsi zuwa azahar, daga azahar zuwa la'asar. Fura ma sai an yi da gaske take kurɓa, wai tana cika mata ciki ta karya mata alwala.

Kafin gero ya kai gwiwa hannuwan sun koma ɗanye. Tsagar ta buɗe har bayan hannu, ina wanke tabarmarta ina ganin ɗigon jini a inda take dafawa. Idanunta suka faɗa, zanenta ya fara zagaye ta fiye da da. Rannan ta tafi ruku'u ta kasa dawowa, sai da muka ɗago ta mu biyu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na san in aka ci gaba a haka ba za ta ga kaka ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne za ta tafi tana ganin kanta marar salla, ita da ban taɓa ganin rana ta fito mata tana barci ba.

Haushin duka a kan auta na sauke shi. Na tare shi a bayan gida na wanke shi tas. Na ce ya je daji ya rasa abin da zai kawo wa uwarsa sai wannan. Bai rama ba, shi da ba a gama magana bai sa baki ba. Ya koma fita gona tun da sassafe, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, in ya shigo ya gaishe ta daga bakin ƙofa kansa a ƙasa.

Limamin ƙauyenmu ya zo. Saurayi ne mai hankali, ya yi karatu a Tawa. Ya zauna ya yi mata nasiha mai daɗi, ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ta kwantar da hankalinta. Inna ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Yana fita ta jawo buta.

"Inna, ba ki ji abin da liman yac ce ba?" na tambaye ta.

"Na ji. Wanga ni nid daka hurar sunanshi. Tausaina yaj ji. Ni ko ban tambai tausai ba, na tambai dutsi."

Kamar wannan bai isa ba, sai wata maƙwabciyarmu, wadda ba a mutuwa ko haihuwa ba ta kawo nata bayanin ba, ta leƙo ta kan darni ta ce ai irin duwatsun nan su ne ake jifan shaiɗanu da su in sun hau sama satar ji. Wato Inna ta yi shekaru tana shafa wa fuskarta abin da ya taɓa jikin shaiɗan. Da na sami maƙwabciyar nan ita kaɗai a ranar, da an kai mu gaban hakimi.

Na zauna na yi tunani, na ga tambayar Inna biyu ce. Ta farko, mene ne wannan abin? Ta biyu, mene ne hukuncinsa? Liman ya tsallake ta farko, shi ya sa ba ta karɓi ta biyu ba. Don ta farko na tuna da wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, mai koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare ta Madawa, ɗan Azarori, wanda muka taɓa gyaran takardun jarrabawa tare. Na kira shi a waya, ban gama bayani ba ya ce yana zuwa. Don ta biyu kuwa mutum ɗaya ne na san Inna za ta yarda da maganarsa: wani tsohon malami a Babankatami, sa'an babanmu. Ba shi da sanyin baki ko kaɗan. Shi ne ya taɓa duba ragon layyar babanmu ranar salla, gaban mutane, ya buɗe bakinsa ya ce bai kai ba, a nemo wani. Babanmu ya yi wata bai gaishe shi ba, Inna kuwa tun ranar take girmama shi.

Auta ya ce kada in yi. "Yaya, in tsohon ga yac ce bai halatta ba hwa? Wa ka iya tsai da ita kuma?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. In malamin ya ce a'a, mun rufe ƙofa da hannunmu. Amma na dubi hannuwan Inna na ga shakka ma kashe ta take yi, a hankali kawai. Na ce ya ɗauki moto, wato babur, ya je ya ɗauko shi.

Sun iso da hantsi, bayan wani ruwa da ya sa sai da suka tura moto a kwari. Malam ya sauka yana faɗa da auta a kan tuƙinsa. Mushe ya riga su zuwa, na ja shi gefe na ce masa, don Allah, abin da zai taimaka kawai zai faɗa. Ya dube ni ya ce, "Madam, abin da na sani zan faɗa." Na ji kamar in mayar da shi Madawa.

Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa. Inna ta zauna daga gefe ta ja mayafi, aka sauko da dutsen daga kan rumbu. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya shafa, ya sunsuna, sannan ya miƙa wa mushe.

"To, ɗan boko. Mine ne wanga?"

Mushe ya gyara zama. Ya ce akwai duwatsu masu yawa da ke kewaya rana kamar yadda duniya ke kewaya ta.

"Wancan zancen wata rana na," in ji malam. "Ci gaba da dutsi."

Mushe ya yi murmushi ya ci gaba. Ya ce wasu sun kai tudu girma, wasu rumbu, wasu ba su fi jaki ba. Mafi yawansu hanyarsu nesa take da mu, amma akwai waɗanda hanyarsu ta gitta tamu, kamar yadda burtali ke ratsa gonaki. Sau da yawa su wuce kafin mu iso, ko mu wuce kafin su iso. Masu manyan madubai na hangen nesa suna bin sawun manyan, sun san ranar wucewarsu. Ƙananan kuwa sai sun matso ake ganinsu, wasu ma ba a gani sam. In ɗaya ya yi kiciɓis da mu sai ya shigo cikin iska da gudun da ba shi da misali, ya yi zafi, ya fashe, yawancinsa ya ƙone tun a sama, ɓarɓashin da ya rage ya zubo. Wannan ɗaya ne daga cikin ɓarɓashin. Yaushe ya faɗo, ya ce bai sani ba: wataƙila Inna tana budurwa, wataƙila tun ba a sari ƙauyenmu ba.

"Dutsi na ko ƙarhe?" malam ya tambaya.

Mushe ya nemi izinin Inna, ya ciro magagari daga jakarsa ya goge wata 'yar kusurwa. Cikin ya fito ruwan toka, da ƙananan ɗigo masu ƙyalli. Ya kai wa malam kusa da ido. Ya ce dutse ne, ƙarfen ɗigo-ɗigo ne a cikinsa kamar tsakuwa a cikin hatsi, shi ne mayen ƙarfe ke kamawa. Ya ce jan dutsen dabaginmu ma akwai ƙarfe a cikinsa, tsatsarsa ce ta sa shi ja. Malam ya gyaɗa kai.

Nan maƙwabciyarmu, da ke manne da darni tun farko, ta jefo zancen shaiɗanu. Malam ko waiwaya bai yi ba.

"In ma an jehi wani da shi, wanda anka jehwa ad da laihi. Dutsi mi yay yi?"

Sai ya sake juya dutsen, ya sa farce a bakin inda aka goge. "Cikin toka, bayan baƙi. Mi yas sa?"

Ko yaron da ya fara karatun allo ya san ba a taimama da abin da aka ƙona, kamar kasko ko jan bulo. Na zuba wa mushe ido, na yi masa duk alamar da ake yi da fuska. Ya gan ni sarai.

"Ƙuna ta, malam," ya ce. "Wuta tac ci bayanshi lokacin da yash shigo."

Inna ta rufe ido. Auta ya tashi ya koma bakin zaure ya juya mana baya. Ni kuwa a raina na gama tsine wa kimiyya da masu koyar da ita. Malam ya ɗago ya dubi mushe.

"Wa yah hura wutar?"

"Ba kowa. Gudunshi na cikin iska."

"Maƙeri ya taɓa shi? Ko mai ginin tukwane?"

"Hannun mutum bai taɓa shi ba kahin na Inna."

Malam ya juya wajen Inna a karon farko. Ya tambaye ta inda ta same shi, ta ce a kan dabagi. Ya ce a ajiye cikin kayan wani, ko a kwance? Ta ce a kwance, rabinsa cikin ƙasa, sai da ta tona da yatsa ta ciro shi, har da saiwar ciyawa a ƙarƙashinsa. Mushe ya ƙara da cewa, a iyakar abin da masana suka gano, ita kanta duniya daga irin waɗannan duwatsun aka tara ta, kuma har yau ƙurarsu tana sauka kullum ba a gani, tana gauraya da ƙasar gona.

"Har da rairan da nika taimama da shi in ina tahiya?"

"Har da shi, malam."

"Hm," in ji malam. Aka kira azahar. Ya miƙe ya ce littattafan da ya karanta ba su ambaci wannan dutsen da suna ba, kuma shi ba ya yanke magana da gaggawa don a ji daɗi. Ya karɓi gafakarsa daga hannun auta ya nufi masallaci.

Bai dawo ba bayan salla. Aka ce yana can shi da liman sun baje littattafai. Mushe ya ci tuwo, ni kuma na ƙi kallonsa. Inna ta yi alwala da ruwa, ta yi azahar, ta ɗora ramuwa kamar kullum. Na zauna a bakin ƙofarta ina jin kabbara tana bin sallama, ina tunanin abin da zan yi in tsohon nan ya dawo da a'a. Ban samo komai ba.

Rana ta karkata sosai kafin malam ya shigo. Ya ce a kira Inna. Ya zauna, ya ɗora dutsen a gabansa, ya yi magana ba tare da ya sassauta murya ba.

"Abin da anka hana shi na abin da mutum yaƙ ƙona da hannunshi yaj juya shi wani abu, da zinariya da azurhwa, da abin da anka haƙo anka maishe shi kayan kasuwa. Wanga dutsi na. Mai tsarki na. Bisa ƙasa kis same shi kwance, Mai shi ya aje shi nan. Iyakar abin da nig gane ke nan, Allah shi am masani. Taimamarki ta yi, sallarki ta yi. Ba a bin ki ko raka'a guda."

Sannan ya nuna hannuwanta da sandarsa. "In laihi kika nema, ga shi nan. Likita ya hana ki ruwa, Allah ya sauƙaƙa miki, ke kin ce kin hi son wuya. Kina zub da jininki bisa tabarmar salla. Wanga shi za ki bari yau."

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Malam, don girman Allah, ba tausaina kaj ji ba?"

"Ke kin san ni da tausai?"

Sai Inna ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, ta ma rufe baki da mayafi, amma tun ranar mayen ƙarfe ba mu ji irinta a gidan ba.

Ta ƙara damina da dama bayan wannan, hannuwan suka warke gwargwado, ta ga auren jikokinta biyu kafin Allah ya karɓi abarsa. Ina gode wa Allah da waɗannan shekarun kullum. Ina gode wa tsohon malamin, da ya ɗauki tambayar tsohuwa da muhimmanci har ya yini a kanta. Mushe kuwa sai daga baya na gane girman abin da ya yi mini da ya ƙi bin idona. Da ya ɓoye zancen ƙuna, da auta ne zai faɗe shi wata rana a wajen cin tuwo, mu koma gidan jiya, kuma a lokacin Inna ba za ta ƙara yarda da kowa ba. Na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ai ya saba, iyayen yara ma haka suke kallonsa. Yanzu in na ji a rediyo an ce wani ƙaramin dutse zai wuce kusa da duniya, abokan aikina su yi ta jajantawa, ni sai in ji kamar an ambaci dangin wani da ya taɓa yi mana alheri. Na san manyansu abin tsoro ne, ina kuma yi wa masu gadinsu addu'a. Amma wanda ya faɗo mana a dabagi sauƙi ya kawo wa mai ciwon hannu.

A ranar dai, malam bai gama shan ruwa ba aka kira la'asar. Maza suka tashi za su masallaci. Inna ta dubi bakin zaure inda auta yake tsaye ta ce, "Kai, mai baki. Miƙo min dutsina." Ya zo ya durƙusa, ya riƙe mata shi da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ta buga tafinta a kai ta shafi fuska, ta sake bugawa ta shafi hannuwa, a hankali, tana kauce wa tsagar. Ta shiga ɗaki ta zauna a tabarma ta kabbarta.

Na tsaya a bakin ƙofa. Raka'a huɗu ta yi ta sallame. Na kasa kunne, don makonni ke nan kunnena ya saba da abin da ke biyo bayan sallamar nan. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai ɗan tsawo, ta shafa. Sai ta miƙe ƙafafunta, ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya. Ba ta sake kabbarta ba.

Ban san ina kuka ba sai da ta waiwayo ta gan ni.

"Ke, tsayuwar mi kika yi nan? Baƙi na gida ba a dama hura ba. Ki dama da yawa, ni ma yunwa nika ji."